Abin Da Larai Ke Tsallakewa

Shafi na 19

Masu aiko mini saƙo tun ban idar da sallar asuba ba, "ina shafin yau, ina shafin yau," ku ji tausayina, ni ma ga wanki ga girki. Wadda ta ce in na ƙara wahalar da Larai za ta daina karantawa, na san ki, kina nan laɓe. Ku gyara zama.

*

Ranar da Larai za ta koma makarantar kwana, da murya a dishe ta tashi. Uwarta Adama ta dafa mata citta da kanumfari, ta tsaya a kanta har ta shanye, amma a banza. In yarinyar ta buɗe baki, sai ka kai kunne kusa kafin ka ji.

Ga mata sun cika tsakar gida tun hantsi, kowacce da tasa a gabanta, ga buhunan gyaɗa na ƙarshe jingine da rumbu. Kada ku ɗauka zumunci ne ya tara su. A shekarun nan da kuɗin man fetur suka kwashe samarin garinsu Ruwan Godiya zuwa Kaduna da Legas, ɗan ƙwadago ya zama abin nema, kowace mace aikin gidanta ya ishe ta. Littafi ne ya tara su. Littafin nan mai kauri na Turanci, marar bango, wanda Bilya yayan Larai ya aiko daga Legas cikin kwali tare da rediyo da kwanonin samira. Baturen da Bilya ke yi wa direba ne ya bar shi da zai koma ƙasarsu. Tun farkon hutu Larai ke buɗe shi tana juya musu da Hausa, su kuwa hannu na ɓara kunne na saurare. Gyaɗar da Adama ta saba kaiwa bazara tana fama da ita ita kaɗai, ga shi saura kaɗan.

Goggo Baraka ta ture tasarta gefe.

"Yau in ba a gaya mani yadda ɗan maƙerin nan ya ƙare da sarauniya mai idon ƙarfe ba, wallahi ko ƙwaya ɗaya ba ni ɓarewa."

Ita ce fa tsohuwar da ta ce a ranar farko tatsuniya da rana ɓatar da mutum take yi. Yanzu ita ke riga kowa shimfiɗa tabarma.

Adama ta dubi buhunan, ta dubi ɗiyarta. Bayanta na ciwo, yatsunta sun tsage, ba abin da take so a duniya irin ta ga ƙarshen gyaɗar nan. Sai idonta ya faɗa kan ƙaninta Malam Gide, malamin firamare a Sabuwa, wanda ya kwana a gidan don ya raka Larai Funtuwa da yamma. Yana zaune bakin rumfa yana shan kunu.

"Gide, Allah ya kawo ka. Amshi ka ci gaba daga inda ta tsaya."

Larai ta zabura ta riƙe littafin da hannu biyu.

"Inna, a'a," ta ce cikin raɗa.

"A'a mi? Kawunki ne. Shi ya koya maki baƙi tun kina yawo ba ɗankwali. Sake mashi."

Ta saki littafin.

Gide ya gyara murya, ya buɗe inda aka sa tsinke.

"Sai sarauniya ta sa aka fito da mutanen garin, aka jera su a bakin..."

Ya tsaya.

Leɓɓansa suka ci gaba da motsi, sauti bai fita ba. Ya buɗa gaba. Ya koma baya, can baya. Ya ɗago ya dubi Larai, ita kuwa ta kafa wa ƙasa ido.

"Malam, halan Turancin ya fi ƙarfinka?" in ji Goggo Baraka. Mata suka kwashe da dariya.

Bai yi dariya ba. Ya rufe littafin, ya ajiye shi kan turmin da ke kife, ya goge hannunsa a jikin riga.

"Yaya, in gan ki ɗaki."

*

"Alhaji ya san abin da ke cikin littafin nan?" in ji Gide.

Adama ta saki labule ta juyo.

"Shi da ke zama bayan zana yana saurare, yana zaton ba mu sani ba? Rannan ƙofar masallaci har cewa ya yi ɗiyarshi ta fi rediyo."

Ta faɗi haka da ɗan alfahari, don ita ta san wahalar da ta sha. Mijinta Alhaji Almu bai so karatun bokon mace ba. Sai da ta yi ta bi, ta yi ta roƙo, ta haɗa shi da manya, sannan ya yarda bisa sharaɗi guda: ranar da ya ga abin da bai gamshe shi ba, Larai ta zauna gida ke nan.

"Jiya ina aka tsaya?" Gide ya tambaya.

"An ci garin maƙera da yaƙi. Aka kwashe mutanen aka kai su wani gari can nesa su yi noma."

"Ba inda aka kai su, Yaya."

"Kamar yaya?"

"Feɗe su aka yi da ransu. Ɗaya bayan ɗaya, gaban 'ya'yansu. Mai littafin bai bar komi ba, har ihun da kowa ya yi sai da ya rubuta."

Adama ta dafa ƙirji.

"Kai, Gide!"

"In namiji da mace suka shiga ɗaki fa? Mi take ce maku?"

"Cewa take suka gaisa, gari ya waye. Har Goggo Baraka na cewa mutanen littafin nan akwai ladabi, ko'ina suka haɗu sai gaisuwa."

Gide ya rufe fuska da tafin hannu.

"Ba gaisuwa ba ce. Abin da ke wuraren nan ba ni iya faɗa maki, ke yayata ce. Wani wurin ma ba da yardar macen ba."

Daga waje ana jin ƙas-ƙas ɗin ɓawon gyaɗa, wata na cewa su fa ba zaman banza suka zo ba.

"To ai... ai littafi ne," Adama ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Na Turawa. Ni na ɗauka duk abin da aka buga da inji ilimi ne."

"Su ma suna da na yara, suna da na manya. Wanga na manya ne, manyan ma ba kowa ba. Ni da gemuna shafi kaɗan na duba, kunun da na sha ke neman dawowa. Wanda ya yage bangon nan ya san abin da ya sa ya yage."

Adama ta ja da baya. Ta zauna bakin gado.

Abubuwa suka dinga dawo mata, ba ta gayyace su ba. Yadda Larai ta daina cin nama. Yadda ta ruga bayan gida ranar da aka yanka zakara, ta yi ta kelaya amai. Yadda take firgita in namiji ya ɗaga murya, ko da mai tallan kananzir ne. Yadda idanunta suka zurma. Adama ta amso mata rubutu, ta turara mata hayaƙi, ta ce iska ce ta bakin rafi. Ashe iskar a tsakar gidanta take, kan cinyar yarinyar, ita da kanta ke miƙa mata kullum hantsi. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

"Kira mani ita," ta ce wa Gide.

*

Larai ta shigo ta durƙusa bakin ƙofa. Shekararta goma sha biyar, amma yadda ta takure sai ta koma ƙaramar yarinya.

"Kin karanta wuraren da kawunki ke faɗi?"

Ta gyaɗa kai.

"Duka?"

"In ban karanta ba, Inna, ta yaya zan san inda zan tsallake?"

Adama ta sunkuyar da kai.

"Da safe nake zuwa bayan rumbu in karanta na ranar," Larai ta ci gaba, tana jan maganar da ƙyar. "In na ga wurin da ba shi faɗuwa, sai in shirya abin da zan ce madadinshi. Garin noman nan ni na gina shi. Babu shi ciki."

"Mi ya hana ki faɗa mani?"

Yarinyar ta ɗago. Ba fushi a idonta, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Gajiya ce kawai.

"Na ce maki kaina na ciwo, kika ce in sha ruwa. Na ce littafin ba daɗi mu bar shi, kika ce gyaɗa ba ta ƙare ba. Na ɓoye shi cikin rumbu, kika sa aka zaro."

"Ai ba ki ce..."

"In na ce, Baba zai ji. In ya ji, kin san sharaɗinshi."

Gide ya juya fuska wajen bango.

"Sannan kuma..." Larai ta kau da kai. "Labarin na da daɗi, Inna. Shi ne abin haushin. Ni ma so nake in ji ƙarshen ɗan maƙerin. Sai in ce yau ba ni buɗewa, in ga na buɗe. Amma in na rufe ido sai in gan su jere. Ba su tahiya."

Adama ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, irin kunyar da ba ta taɓa ji gaban suruki ba, balle gaban ɗiyar cikinta. Ta so ta jawo yarinyar jikinta, hannunta ya ƙi. Mutanen da ba su saba rarrashi da baki ba, aiki suke nema su yi. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

"Murhu na da wuta. Yanzun nan zan tura shi ciki, kowa ya huta. Matan nan in sun ga dama su kwashe tasoshinsu. Alhaji kau ba mai gaya mashi. Kin ji ko? Kai ma ka ji, Gide?"

"Na ji, Yaya."

Ta fita da sauri ta nufi turmi.

Ba komai a kansa.

"Ina littafin da aka aje nan?"

"Alhaji ya ɗauka," in ji Goggo Baraka, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ya shigo zai wuce kasuwar Ƙanƙara. Ba Larai ta ce labarin bai ƙare nan ba, akwai ƙanen littafin? To shi zai nemo mata, wai tsarabar komawa makaranta. Ya ce zai nuna ma masu saida littattafai su ba shi irinshi. Ke dai kin yi dacen miji, Adama."

"Motar ta tashi?"

"Tun yaushe."

*

Ranar nan ta yi wa Adama tsawo. Matan suka watse ɗaya bayan ɗaya suna gunaguni, an tara su an hana su labari. Ta zauna ita kaɗai gaban buhu tana ɓara, tana ɓara, har tsagar yatsanta ta buɗe ta fara jini, ba ta daina ba. Larai ta zo za ta taya ta, ta ce je ki kwanta. Ta yi azahar, ta roƙi Allah ya sa mai littattafan bai fito kasuwa ba. Ta roƙa ya sa bai iya Turanci ba. Daga baya ta rasa ma abin da za ta roƙa, ta zauna kan buzu kawai.

Gide ya ɗaure akwatin ƙarfen Larai da igiya ya ajiye shi bakin ƙofar zaure. Motar da za ta dawo da 'yan kasuwa ita ce za ta wuce da su Funtuwa.

La'asar sakaliya suka ji kukan injinta.

Alhaji Almu ya shigo ba sallama. Mutumin da ko akurkin kaji zai leƙa sai ya yi sallama. Littafin na hannunsa, ya naɗe shi cikin tsumma kamar wanda ya ɗauko mushen ɓera. Ya sake shi ƙasa a tsakar gida.

Bai yi ihu ba. Adama ta so ya yi.

"Na tsaya gaban mai teburin littattafai," ya ce a hankali. "Na ce mashi ɗiyata ke karanta wanga, garinmu duk ita ake saurare, ya ba ni ƙanenshi ko nawa ne. Ya buɗe. Ya dube ni. Ya kira abokinshi, suka haɗa kai suna dariya. Na ce su gaya mani abin dariya in taya su."

Ya ja numfashi.

"Suka gaya mani. Gaban masu goro, gaban mahauta, gaban mutanen da muka yi aikin hajji tare. Wani ya ce, Alhaji, ɗiyar taka shekararta nawa?"

Ya taka zuwa bakin zaure, ya ɗora ƙafa kan akwatin.

"Alhaji, in ka ba ni dama..." Gide ya fara.

"Gide, kai ma ɗan boko ne. Yi shiru."

Adama ta durƙusa. Gwiwoyinta suka yi ƙara, ta ji shekarunta duka a cikinsu.

"Alhaji, ba makaranta ta ba ta ba. Ɗanka ya aiko shi, bai san mi ke ciki ba. Ni na sa ta. Ta ce kanta na ciwo, na ƙi ji. Ta ɓoye shi, na sa aka zaro. Don gyaɗa, Alhaji. Don matan nan su taya ni."

Bai dube ta ba.

"Kai ma ka saurara bayan zana. Ka taɓa jin kalma ɗaya ta banza daga bakinta? Tun farkon hutu yarinyar nan ke shan ruwan kwata tana tace mana. In hukunci ne, ga ni. Ka bar ta ta tahi."

A waje direba ya danna oda.

"Larai," in ji Alhaji.

Ta fito daga ɗaki da mayafinta na makaranta, ta durƙusa nesa da littafin.

"Na'am, Baba."

"Ba ki taɓa yi mani ƙarya ba. Abu ɗaya zan tambaye ki. Irin wanga, akwai shi makarantarku?"

Adama ta ɗago. Ta kafa wa ɗiyarta ido, tana roƙonta ba da baki ba. Tsallake, ɗiyata. Kin tsallake wa Goggo Baraka, kin tsallake wa gari guda. Wannan ɗaya ne ya rage. Ki ce babu, ki hau mota.

Larai ta ga idon uwarta. Ta gane abin da yake cewa sarai.

Oda ta sake tashi, doguwa.

"Akwai, Baba," ta ce da 'yar muryar da ta rage mata. "'Yan manyan aji na ɓoye su ƙarƙashin katifa."

Adama ta runtse ido. Shi ke nan. Shekarun roƙo, da bin manya, da saida tumakinta don sayen akwatin nan, duk sun tafi a numfashi ɗaya.

Sai ta ji yarinyar ba ta gama ba.

"Amma can, Baba, ba mai sa ni dole in karanta."

Sai a lokacin Alhaji Almu ya juyo ya dubi matarsa, ya dubi yatsanta mai jini, ya dubi buhun da bai ƙare ba. Adama ta so ƙasa ta tsage. Ƙafarsa kuwa tana nan kan akwatin, bai danna ba, bai ɗauke ba.

Daga zaure muryar direba ta shigo, a gajiye.

"Alhaji, rana na faɗuwa. A ɗauko akwatin, ko in tahi?"